KWABON HAJIYA MAI HUDA YA JE LANDAN YA DAWO

A wannan fitowar labarin wata tafiya zan ba ku wadda na yi zuwa birnin Landan a daminar 2023, lokacin da yayata da ke aure a can ta haihu aka tura ni in kama mata aiki. Amma kada ku zaci labarin kantuna da kayan kwalliya na kawo muku. Labarin wasu tsofaffin kwabbai ne da na ƙulle a bakin gyale na fita da su daga gidanmu na Unguwar Gano.

Ga yadda abin ya faro. A shekarar an sa ranar ƙanwata, kuma duk gidan da aka taɓa aurar da 'ya a Kano an san abin da ake nufi da kayan ɗaki, ga gado ga kujeru ga kayan kicin ga gara, alhali mutane ba su gama farfaɗowa daga wahalar canjin kuɗi ta farkon shekarar ba, ga man fetur ya tashi. Ana cikin haka sai wani mutum ya riƙa zagaya unguwanninmu, tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni, yana aika yara cikin gidaje wai ana sallama da masu tsohon kwabo mai huda. Cewa yake yi Turawa na nemansa ido rufe saboda wani sinadari da ke cikinsa, guda ɗaya sai ya yi miliyan. Sharaɗinsa kawai a ba shi kuɗin gwaji tukuna, sannan ya tafi da kwabon a auna.

To mu kuwa muna da kakarmu Hajiya, ta haura shekara tamanin, tana da wani tsohon gwangwanin alewa a ƙasan akwatinta na ƙarfe cike da sulallan da. Baba ya ce shi kam ko sisi ba zai ba mutumin nan ba. Hajiya ta ce ai shi ke nan, zuwa da kai ya fi saƙo, tun da kishiyata za ta garin Turawan sai ta kai musu da hannunta. Daren da zan tafi ta kira ni ɗakinta ta zaɓo mini guda goma sha biyu, sannan ta ciro wani shi kaɗai da aka zura wa baƙin zare ta hudar tsakiyarsa. Ta ce, “Ke kishiya, kin ga wannan? Shi ne kwabon da Malam ya fara miƙo mini a zaure ran da ya fara zuwa zance, lokacin nan wajen duk gonaki ne. Kusan shekara saba'in ke nan ina ajiye da shi. Amma in dai zai saya wa yarinyar nan gado, ki sayar, na yafe.” Wallahi sai da idona ya ciko.

Kafin mu shiga Landan bari in ɗan tuna wa 'yan makaranta yadda kuɗin da yake, don na san wasunku a baki kawai suke jin “ko anini ba ni da shi”. Anini goma shi ne kwabo ɗaya. Dari rabin kwabo ne, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, sule kwabo goma sha biyu, fataka sule biyu, fam kuwa sule ashirin. Da su ake ciniki har ranar 1 ga Janairu 1973 da aka koma Naira da kwabo, fam ɗaya ya zama Naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Shi ya sa iyayenmu suka ci gaba da kiran kwabo goma sule, kwabo biyar kuma sisi.

JUMA'A: NA ƊAGA ZINARIYA

Ban samu fita yawo ba sai da Anti ta yi arba'in, ana saura kwana huɗu in dawo. Mijinta, wanda muke kira Yaya, ya ɗauki hutun Juma'a ya ce tun da zancen kuɗi ya kawo ni, daga gidan kuɗi za mu fara, domin gidan tarihin Babban Bankin Ingila a ranakun aiki muka tarar ana buɗe shi. Muka shiga jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa muka sauka a tashar da ita ma sunanta Bank. Abin da ya fara ba ni dariya shi ne, a garin da ake ta adana tsofaffin sulalla a cikin gilashi, motocin bas ɗinsu sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, kati kawai ake dangwalawa.

Shiga gidan kyauta ne. An kafa bankin a 1694, kuma a ƙarƙashinsa akwai rumbunan da ke ɗauke da sandunan zinariya kimanin 400,000. Guda ɗaya suka fito da ita suka sa a cikin akwatin gilashi mai kafar da hannu ɗaya ke shiga, kowa ya zo ya gwada ɗagawa. Nauyinta wajen kilo 13. Ke dai bari! Ni da nake ganin na saba ɗaukar bokitin ruwa, da ƙyar na motsa ta. Anti ta ce, “To ga kayan ɗakin 'yan matan Unguwar Gano gaba ɗaya a hannunki.” Na fito ina ta shafa ƙullin gyalena, zuciyata na cewa gobe war haka mu ma mun zama masu kuɗi. Har na fara lissafin irin labulen da za a saya.

ASABAR DA SAFE: KASUWAR PORTOBELLO

Ranar Asabar ce babbar ranar masu tsofaffin kaya a kasuwar titin Portobello. A tashar Notting Hill Gate muka sauka muka bi ayarin mutane ta gaban wasu gidaje masu fenti kala-kala, wannan shuɗi wancan ruwan hoda. Duk wadda ta taɓa shiga lungun masu kayan gargajiya a Kasuwar Kurmi za ta gane wurin, sai dai nan agogo ne da kofunan shayi da kyamarori da lambobin sojoji. Ana tayi ana ragi kamar a gida, amma a hankali, ba a ɗaga murya.

A cikin wata rumfa muka samu wani dattijon Bature mai sayar da sulalla zalla. Yaya ya yi masa bayani, na kwance gyale na zube masa su a kan wani ƙyalle. Ya ɗauko gilashinsa mai ƙara girman abu ya duba na farko, ya duba na biyu, sai ya ɗago ya ce, “Wa ya goge waɗannan?” Na ce ni ce, har da ɗan alfaharina, domin kafin in taso sai da na zauna da toka da lemon tsami na dirje su suka yi ƙyalli. Ya girgiza kai ya ce masu tara sulalla sun fi son abu da launin tsufansa, gugar nan tana kankare fuskarsa ta rage masa daraja. Kunya ta kama ni.

Ashe da sauran magana. Ya sunkuya ya jawo wani kwano ya ajiye a gabana, cike da kwabbai masu huda irin na Hajiya sak, kowanne da tauraron nan mai tsini shida a bayansa. Ya ce fam ɗaya ko biyu yake sayar da guda. Miliyoyinsu aka buga, kuma babu wani sinadari a ciki, jan ƙarfe ne aka gama da wani farin ƙarfe mai suna nikel. A cikin goma sha biyun nan guda ɗaya ce kawai ya ce tana da ɗan abin kirki, wata ƙatuwar dala ta azurfa mai hoton mace, ita ma bai wuce fam goma sha biyar ya taya ba. Jikina ya yi sanyi. Na tuna fuskar ƙanwata, na tuna labulen da na gama zaɓa a zuci. Lallai kwaɗayi mabuɗin wahala, na gode wa Allah da Baba bai ba mutumin nan kuɗinsa ba.

Har na fara tattarawa sai dattijon ya hango mai zaren, wanda shi kam ban yi ƙarfin halin gogewa ba. Ya karɓa ya juya shi ya yi murmushi, ya ce wannan ma ba shi da tsada, amma in zauna in ji labarinsa. Ya nuna mini shekarar da ke jiki, 1936, da sunan da aka zagaye hudar da shi, Edward na Takwas.

SARKIN DA YA BAR GADO SABODA MACE

'Yan uwa, ga ku ga labarin soyayya a jikin kwabo. Shi Edward ya hau gadon sarautar Ingila ranar 20 ga Janairu 1936 bayan rasuwar mahaifinsa. Yana son wata Ba'amurkiya mai suna Wallis Simpson, wadda ta rabu da mijinta na farko kuma tana shirin rabuwa da na biyu. Gwamnati da shugabannin cocin ƙasar suka ce ba za ta yiwu ba, ko dai sarauta ko ita. A watan Disambar shekarar ya ajiye sarautar tun ba a yi bikin naɗa masa kambi ba, ya shiga rediyo ya gaya wa duniya cewa ba zai iya ɗaukar nauyin mulki ba tare da matar da yake so ba. Ƙanensa ya gaje shi da sunan George na Shida, wato mahaifin Sarauniya Elizabeth. A 1937 suka yi aure a Faransa.

Saboda gajartar mulkinsa, sulallan da aka shirya da hotonsa a Ingila ba a taɓa sakin su kasuwa ba. Amma namu na Afirka ta Yamma ba sa ɗauke da hoto saboda hudar tsakiya, suna kawai ake rubutawa, don haka an riga an buga an turo mana. Ke nan kwabon da Bature bai taɓa sayen burodi da shi a Landan ba, shi kakanninmu suka sayi ƙosai da shi a Kano. Yaya ya ƙara da cewa ai Edward ɗin ya taɓa zuwa Kano a 1925 yana Yarima, zamanin Sarki Usman, aka yi masa gagarumin hawan daba.

Dattijon ya kuma nuna mini rubutun Larabci a ƙasan hudar, wanda ke faɗin darajar kuɗin, domin lokacin da aka fara buga irin waɗannan a 1907 mutanenmu da Larabci da ajami suke karatu. Hudar kuwa ta sauƙaƙa zura su a igiya ga mutanen da suka saba da wuri. Na biya shi fam ɗaya na sayi wani ɗan anini don in nuna wa yaran gida, na maida na Hajiya cikin gyale.

ASABAR DA YAMMA: ƊAKI NA 68

Ni dai gida nake son komawa in yi kukana, amma Anti ta ce, “Haba ke kuwa, kin zo har nan ki koma ba ki ga Gidan Tarihin Birtaniya ba?” An kafa shi a 1753, shiga kyauta ne, kuma girmansa ya isa mutum ya ɓata a ciki. Muka hau bene muka nufi ɗaki na 68 wanda aka keɓe wa tarihin kuɗi.

A nan na ga wasu 'yan dunƙulallun sulalla daga ƙasar Lidiya, cikin Turkiyya ta yau, waɗanda suka haura shekara 2,500, suna cikin na farko da aka buga a duniya. Na ga na ƙasar Sin masu huda mai kusurwa huɗu, na ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Yaya ya ba ni labarin dinarin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan na shekara ta 77 bayan Hijira, wanda aka cire hoton mutum daga jikinsa aka bar rubutu zalla, kuma a kan wannan tsari kuɗin Musulmi suka daɗe suna tafiya. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na wani sarkin Ingila mai suna Offa, da ya yi mulki daga 757 zuwa 796. Ya sa an kwaikwayi dinarin Abbasiyawa na shekara ta 157 bayan Hijira har da kalmar shahada a jiki, sannan aka sa sunansa a tsakiya. Da yake maƙerin bai iya Larabci ba, sunan sarkin a kife ya fito in aka daidaita rubutun Larabcin.

Sai kuma ga wuri a cikin gilashi, an haska shi da fitila kamar lu'ulu'u. Wurin nan dai da muke gani a jikin kayan 'yan tauri da na masu wasan gargajiya. Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kwaso shi har ya iso ƙasar Hausa, kuma kalmar “kuɗi” da muke faɗa kullum asalinta jam'in wuri ce, shi ya sa ake cewa wuri na gugar wuri. Baturen Jamus ɗin nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa wuri 2,500 ake canza dala ɗaya. Dalar kuwa irin ta Hajiya ce, mai hoton Mariya Tereza sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, amma saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Afirka sun yarda da azurfarta sai aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar ba a canzawa.

Na tsaya ina kallon 'yan yara Turawa da iyayensu sun dafa gilashi suna karanta bayani a kan abin da ke zube a gwangwanin kakata, wanda mu jikokinta ba mu taɓa tambayarta labarinsa ba sai da muka ji wai zai yi miliyan. Wannan kunyar ta fi ta wajen dattijo ciwo.

LAHADI: HASUMIYAR LANDAN

Ranar Lahadi muka tafi Hasumiyar Landan a bakin kogin Temis. Nan kam da kuɗi ake shiga, kuma gara a sayi tikiti tun kafin a je saboda layi. Tsohuwar ganuwa ce da aka fara ginawa wajen 1078. A ciki ake ajiye kambunan sarauta masu duwatsu masu daraja, ga wasu manyan baƙaƙen hankaki da ake kiwo saboda camfin cewa ran da suka tashi mulki zai rushe. Na ce ashe Bature ma na da camfi.

A cikin wannan ganuwa aka yi kimanin shekara 500 ana buga kuɗin Ingila, har yanzu akwai layin da ake nuna kayan aikin maƙeran. 'Yan ajin kimiyya, Isaac Newton ɗin nan na littafinku ya shugabanci wannan maƙera daga 1699 har rasuwarsa a 1727, kuma ya yi fama da masu buga jabu. A nan na gane dalilin zanen tsaga-tsaga a gefen sule. A da ɓarayi kan yanki gefen sulen azurfa kaɗan-kaɗan su tara, to in akwai zane duk wanda aka yanka za a gane.

A farkon ƙarni na 19 aka fitar da maƙerar zuwa wani gini a tsallaken titi, wajen da ake kira Tower Hill. Dattijon Portobello ya riga ya gaya mini cewa kwabon da ke da ɗan harafin H ko KN a birnin Birmingham aka buga shi, wanda ba shi da harafi kuwa a nan Landan. Na Hajiya ba shi da harafi. Na tsaya daga nesa ina kallon ginin da kwabon a tafin hannuna, ina tunanin hanyar da ya bi, jirgin ruwa zuwa Legas, jirgin ƙasa zuwa Kano, hannun masu gyaɗa da masu goro, har aljihun wani saurayi da ya tsaya a zaure yana jin kunya. Bayan shekara 87 ga shi ya dawo ƙofar gidan da aka haife shi.

A bakin kogi, muna kallon gadar nan mai buɗewa biyu da aka gama a 1894, na kira gida ta bidiyo aka kai wa Hajiya wayar. Na ce, “Hajiya, kwabonki fa ko buhun shinkafa ba zai saya ba.” Ta yi shiru, sannan ta ce, “To ba ki dai sayar ba ko?” Na ce yana nan. Wallahi sai na ga fuskarta ta washe, ta ce, “Alhamdu lillahi. Dama tun da kika tafi ban yi barcin kirki ba.” Da na ba ta labarin sarkin da ya bar gado saboda mace sai ta yi dariya ta ce, “Yo shi Malam ai kekensa ya sayar ya biya sadakina, ba wanda ya sa shi a rediyo.”

DA NA DAWO GIDA

An yi bikin ƙanwata daidai ƙarfinmu, dangi suka haɗa hannu, Anti da Yaya suka ɗauki gado, Allah ya rufa asiri. Mai neman kwabo kuwa tun da aka fara yi masa tambayoyi ba a sake ganinsa a unguwar ba. Daren da za a kai amarya Hajiya ta kira ta ta ɗaura mata kwabon nan mai zare a bakin mayafi, ta ce ta ajiye wa jikokinta.

Ga 'yar shawarata gare ku. Duk wadda ke da kaka a raye ta je ta roƙe ta ta buɗe mata gwangwaninta, ta tambaye ta me ake saya da taro, nawa aka biya sadakinta, ta rubuta a littafi. Kada ki goge tsohon kuɗi da toka ko omo, ki sa kowanne a 'yar takardarsa ki rubuta shekararsa, ki ajiye inda ba laima. Kada ki ba kowa kuɗin gwaji. Ba sai kin je Landan za ki fara tarawa ba, ki nemi fatakar 1959 mai hoton shukar gyaɗa, da kwabo 25 na 1973 mai dalar gyaɗa irin wadda Kano ta yi suna da ita, da Naira ɗaya ta ƙarfe ta 1991 mai hoton Herbert Macaulay, da Naira biyu ta 2007. Ranar hutu ku roƙi yayyenku su kai ku Gidan Makama da Kasuwar Kurmi, wadda kuma hanya ta kai ta Abuja, Babban Bankin Nijeriya ya buɗe gidan tarihin kuɗi a 2009.

Ni yanzu ina da guda talatin da ɗaya a cikin wani kwalin takalmi, kuma ina cigiyar dari mai shekarar 1936 in haɗa da aninin da na sayo. Duk wadda ta ga irinsa a akwatin kakarta ta rubuto wa wannan fili, amma fa ta nemi izinin tsohuwa kafin ta taɓa. Ina gaida Hajiya kishiyata, da amarya, da dukkan 'yan matan Unguwar Gano. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.